Azumin da Na Koya wa Nuhu Ɗaurin Waya

Akwai abu ɗaya da nake so a ce hannuna bai yi ba. Na koya wa mutum aiki a karkace, da gangan, da azumi a bakina, kuma na ji daɗin abin har cikin raina. Sunansa Nuhu. Ni kuwa Ɗanjuma mai waya, tsofaffin Zongon Kwatano sun san ni.

Ruwan da ake yi a makon nan ne ya tayar mini da maganar. Kwatar ƙofar gidanmu ta cika ta dawo mana da abin da ta haɗiye, bango ya jiƙe har gwiwa, tabarma sai warin danshi. Jikata tana kan gado ta naɗe ƙafa, wayar hannu a tafinta, tana hira da ƙawarta ta Lome ba igiya ba komai. A shekarar da nake magana, azumi ne ya faɗo cikin irin wannan ruwan na ƙarshen damina, kuma a lokacin idan kana son kwamfuta biyu su yi magana da juna sai ka nemo irina ya ja waya.

Daga wajen Birnin Kebbi na zo ina saurayi, karatuna firamare ne kawai. Na yi gyaran rediyo, daga baya na bi wasu masu ja wa ofisoshin unguwar Kajehun wayar kwamfuta ina ɗaukar musu tsani, har hannuna ya iya. Na auri Rakiya, 'yar Alhaji Mamudu mai tabarmi da butoci. Su kakanninsu ne suka zo da fataucin goro, a nan aka binne su, 'yan ƙasa ne da takardunsu. Alhaji ya ba ni ita, amma danginsa ba su daina cewa an ba baƙo ba.

Shekarun ne da bakin mutane ya buɗe. Ana zaɓe, rediyoyi sun yi yawa, kowa yana kafa ƙungiya. A majalisar unguwa kullum sai an taɓo maganar wanda ya cancanci katin zaɓe da wanda bai cancanta ba, ni kuma sai in sunkuyar da kai. Mu ma muka kafa tamu, ta masu son kwamfuta, muna ce mata kulob. Alhaji ya ara mana ɗakin bayan shagonsa. Muka haɗa tsofaffin na'urori da aka sauke a tashar jirgin ruwa, da layin tarho ɗaya mai kuka kamar ɗan akuya kafin ya kama. Dokarmu guda ce: abin da ka sani, idan ɗan kulob ya tambaye ka, ba ka hana shi. Kojo ne mai yawan maimaita ta, wani Kirista ɗan ƙabilar Fon da ke gyaran firinta, wanda ya fi wasunmu jin Hausar Zongo.

Nuhu shi ne tauraronmu. Ɗan wani tsohon gida ne na unguwar, ya yi jami'a, na girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya iya gina shafin intanet mai rumbu a bayansa, abin da suke ce wa baz. Ka zuba suna ko kaya a rumbun, in ka tambaya shafin ya ɗebo maka. Kansa yana ja, wannan ba zan hana shi ba. Amma ranar da nake koyar da ɗaurin waya ba ya zuwa. Ya ce aikin hannu ne.

Azumin ya zo da wahala. Gawayi ya jiƙe, Rakiya takan daɗe tana fifita kafin wuta ta kama, sau da yawa sahur ɗinmu garin rogo ne da sukari da ƙuli. Da safe in naɗe wando in ratsa ruwa zuwa shago, 'yan zemijan, wato masu haya da babur, suna wucewa da rigunansu rawaya suna watsa mana laka. Can rana ta fito a kan ruwan, tururi ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya, maƙogwaro ya bushe alhali duk inda ka duba ruwa ne. Kuran, wato wutar lantarki, yana tafiya ba sallama. Muna da ƙaramin janareta, amma fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba ya yi tsada saboda hanyar iyaka ta lalace. Muka ɗora na'urorin a kan bulo da akwatunan lemo. Iskar teku tana sa bakin waya ya yi tsatsa kore, kullum ina gogewa da tsohon burushin haƙori. Bayan la'asar ake haɗuwa a kulob. Kojo ba ya ci ba ya sha a gabanmu, in an kira magariba shi ke fara miƙa mana koko da ƙosai, ya ce shi ma ya yi rabin azumi, a rubuta masa rabin lada.

A farkon watan Nuhu ya gama shafin kulob, kowa da sunansa da abin da ya iya. Da ya zo kan nawa sai na ce a sa mini Ɗ mai ƙugiya, kamar yadda malaminmu na firamare ya koya mini. Babu ita a allon bugawa na Faransanci. Na zauna na yi ta laluben haruffa har na samo ta, na zuba da hannuna. Ban sake dubawa ba.

Aka gayyaci dattawa su ga abin. Aka aro na'urar haska bango, aka rataya farin zanin gado. Alhaji Mamudu yana gaba da abokansa, ruwa yana dukan kwano. Sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Da nawa ya fito, rumbun ya cinye ƙugiyar. Abin da ke bango shi ne ?anjuma.

Alhaji ya nuna da carbinsa ya tambayi mece ce wannan aba mai kama da sandar tsoho a gaban sunan surukinsa.

Nuhu ya ce, "Alamar tambaya ce, Baba. Na'ura ta duba rumbunta ba ta gane shi ba, shi ne take tambaya, wannan kuma daga ina?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce a nuna mata katinsa mana, in yana da shi. Wani ya karanta abin da ya rage, Anjuma, ya ɗaga mini hannu ya ce, "To, sai Anjuma." Duk wannan da sauƙi. Surukina na kalla. Yana dariya har yana share hawaye da hannun babbar riga.

Kafin in isa gida Rakiya ta riga ta ji a bakin famfo. Ta ajiye mini kunu ta koma ɗaki. Washegari mai shayi da 'yan zemijan da masu wankin babur duk sun samu. In na wuce sai in ji, sai Anjuma. Na je wa Nuhu na ce ya gyara. Bai ko ɗago kai ba ya ce in sa D irin ta kowa a huta. Na ce wannan ba sunana ba ne. Ya ce to in jira, yana da manyan ayyuka.

Na jira, amma ba gyaransa nake jira ba. A sahu in na hango ƙeyarsa sai karatun liman ya ɓace mini. Ina goge tsatsa ina ƙulla abin da zan yi masa. Na yi tunanin zuba ruwa a na'urarsa, na ga za a ce damina ce, kuma ta kulob ce ba tasa ba. Abin da nake so shi ne a yi masa dariya a gaban manya, kamar yadda aka yi mini.

Sai ga shi da ƙafarsa ya kawo kansa. Wata Hajiya Saratu mai manyan motoci a unguwar Akpakpa, can ƙetaren gada, da ke kai kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa, ta ba shi aiki. Tana son shafi mai rumbu da zai riƙe mata kowace mota da direbanta da kayanta, na'ura ɗaya a ofis, ɗaya a sito can baya, ɗaya a bakin ƙofa inda ake sallamar motoci. Ta ce ya gama kafin lodin sallah. In ya yi kyau za ta riƙe shi, ta kuma kai shi ga sauran masu motoci. Aikinsa na farko ke nan na gaske, unguwa duk ta sani.

Na ɗauka ni zai kira in ja wayar. Ya ce a'a, shi da ƙannensa za su yi, in dai nuna masa ɗaurin, ai ba wani abu ba ne. Kojo yana gefe yana kwance firinta, ya ce doka dai doka ce. Na ce haka ne.

Ga yadda abin yake. Cikin wayar akwai 'yan silala takwas, an murɗe su biyu-biyu kamar tufka: ruwan lemu da abokinsa mai ratsin fari, kore da nasa, shuɗi da nasa, ruwan ƙasa da nasa. Ana jera su a cusa a kan roba a matse da filaya. Sai dai jerin gaskiya ba shi da kyan gani. Dole a raba koren, a sa shuɗin a tsakiyarsa. Wanda bai sani ba sai ya jera su kowa kusa da abokinsa. In ya yi haka a duka ɓangarorin, ɗan akwatin gwaji zai kunna fitilunsa duka, kuma gajeriyar waya za ta yi aiki a kan tebur. Sai an ja ta da nisa take fara cin saƙo, ta kawo rabi ta yar da rabi, yanzu ta yi, an jima ta ƙi.

Na zaunar da shi na fere wayar a hankali, na jera masa su. Na ce, "Kowa da matarsa a gefensa, ka ga? Lemu da tasa, kore da tasa." Ya ce daman haka hankali zai bayar. Ya matse da kansa, muka gwada, fitilu suka kama. Muka haɗa na'ura biyu da guntuwar wayar, suka gaisa. Ya yi dariya ya ce ashe abin da nake yi wa rowa ke nan. Na ba shi aron filayata da akwatin gwajina. A ranar na sha ruwa da daɗin da ban ji ba tun farkon wata.

Bayan kwanaki ya kira ni gaban na'urar kulob ya nuna mini sunana. Ya canza wani abu a rumbun, Ɗ ta fito da ƙugiyarta. Ya ce, "Ga ƙugiyarka nan, Malam Ɗanjuma, sai ka rataya riga." Bai ba ni haƙuri ba, kuma ba a gaban dattawa ya gyara ba. Da ina neman ƙofar fasawa, ga ta nan. Na ce na gode, na koma gefena.

Labarin Akpakpa ya fara zuwa a goman ƙarshe. A ofis shafin yana gudu. A bakin ƙofa kuwa sai ya tsaya yana juyi, magatakarda ya zuba mota ta ɓace, ya sake zubawa ta fito biyu. Nuhu ya ɗauka kansa ne ya yi kuskure. Ya warware abin da ya rubuta ya sake rubutawa. Ya zargi danshi, ya zargi kuran, ya ɗauko na'urar ƙofa ya kawo ofis ta yi aiki lafiya, ya mayar ta ƙi. Yakan shigo kulob idonsa ja, ko ƙosan Kojo ba ya iya ci. Ina kallonsa ta gefen ido ina goge waya, ina jin sanyi a ƙirjina.

Wata safiya ya zo har gida cikin ruwa. Ya durƙusa ya gaida Rakiya, ya kira ni Yaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in taimaka in zo in duba masa. Na sa rigata mai kyau. Muka hau zemijan muka haye gada, ruwan da ke ƙarƙashinta ya cika ya yi launin shayi.

Filin Hajiya ya zama taɓo. Motoci sun yi layi har waje, direbobi sun fake a ƙarƙashinsu da azumi, suna zagin na'ura da wanda ya kawo ta. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini iyalinsa suna Dosso, in bai tashi yau ba a hanya zai yi sallah. Hajiya tana tsaye a baranda da lema. Nuhu ya gabatar da ni, ya ce duk Zongo babu wanda ya fi ni sanin waya.

Na ɗaga kan robar na duba a haske. Ga koren nan kwance kusa da matarsa, yadda na koya masa. Filayata tana kan tebur. Yanke kawuna da sake matsewa ba zai kai lokacin da ake shan shayi ba. Na san haka, hannuna ma ya sani, har yana motsi. Na ɗauki akwatin gwaji na sa, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, na juya shi yadda Hajiya za ta gani.

Na ce, "Hajiya, waya dai lafiya lau. Sai a duba wajen masu ilimi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kira tsofaffin magatakardanta su fito da biro da takarda, ta ce a kwashe na'urorin a sa a sito kada ruwa ya taɓa su, ai kuɗi ne. Sannan ta dubi Nuhu a gaban direbobi ta ce, "Ɗana, je ka ƙarasa karatun tukuna." Direbobin suka yi dariya, wani ya buga hon. Abin da na zo nema ke nan, kuma na same shi. Ba zan yi ƙarya in ce a wurin na ji nadama ba. A kan gada muna dawowa ina bayan ɗan zemijan, ruwa yana dukan fuskata, murmushi nake yi.

Na yi tsammanin abin zai tsaya nan, ya sha kunya kamar yadda na sha, mu yi daidai. Bai tsaya ba. Ni nawa sunan tsokana ya mutu kafin babbar sallah, mutane suka samu wani abin dariyar. Nuhu kuwa bai sake gina shafi ba. In an kawo masa aiki sai ya ce a kai wa wani. Yana dai zuwa kulob, kuma da na fara samun ayyuka a Kajehun na rage zuwa, sai ya karɓi koyar da sababbi abu ɗaya da ya tabbata ya iya, tunda na shaida a gaban mutane cewa daidai ne. Ya koya musu ɗaurin waya, kowa da matarsa. Ya koya musu da zuciya ɗaya, su ma suka koya wa wasu, don doka ce.

Shekaru ina shiga shagunan intanet da ofisoshin 'yan tireda ana kirana gyara, in buɗe in tarar da jerina. In yanke in sake, a biya ni, a yaba mini. Masu aikin waya suka gane daga baya, suka sa wa abin suna. Har yau in yaro ya jera kore kusa da abokinsa, maigidansa zai ce masa ya yi ɗaurin Nuhu. Na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba, ban taɓa gyara musu ba.

Kulob ya watse da kansa da intanet ya shiga aljihun kowa. Alhaji Mamudu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ɗakin ya zama wurin ajiye babura. Kojo ya koma garinsu. Nuhu yana unguwar Sant-Rita, kusa da mahaɗar hanya, yana sayar da caja da rigunan waya, gemunsa ya yi fari kamar nawa.

Bara na je na same shi. Na jira masu saye suka ragu na faɗa masa duka, tun daga zanin gado har akwatin gwaji. Ya daɗe yana jera caja a kan tebur. Ya ce ya san jerin ba daidai ba ne tun da daɗewa, wani ɗalibinsa ne ya nuna masa, amma ya ɗauka ni ma haka aka koya mini, har yana kare ni in an yi magana. Na ce masa ni ma dariyar nan ba ta bar kunnena ba har yau. Ya ce ya yarda, bakinsa ya yi kaifi a lokacin.

Sannan ya ce, "Aikin Hajiya ba komai ba ne, Yaya. Na yi shekaru ina neman kuskuren nan a cikin kaina. Shi ya sa na daina."

Na roƙe shi gafara. Ya ce zai duba. Wata mata ta zo tambayar farashin caja, ya juya wajenta, na tsaya kaɗan na tafi. Ban koma ba, shi ma bai aiko ba.

Ku da kuke koya wa juna aiki, ko a ɗaki ko ta wayar hannu, ina roƙonku kada ku yi abin da na yi. In wani ya ɓata muku rai ya zo neman sani, ku dube shi ku ce ba za ku koya masa ba. Zai ji haushi ya tafi wajen wani. Kada ku ba shi karkatacce yana godiya. In kuma kun buɗe tsohon bango a Zongo ko Akpakpa kun tarar da kore kwance kusa da abokinsa, ku yanke ku sake, ku raba koren ku sa shuɗi a tsakiya. Kada ku ambaci Nuhu. Ni na ɗaura.